Wa Ke da Jitar, Ina Ake Ɗaukar Faifan: Kiɗan Rawa a Gabashin Afirka, 1930 zuwa 1977

An ɗauki wannan lacca a rikoda, sannan aka mayar da ita rubutu. An rage maimaici, an bar maganar yadda ta fito.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Shugaban zama, malamai, ɗalibai, barkanmu da yamma.

Zancenmu na yau kiɗan rawa ne na biranen Tanganyika da Kenya, daga wajen 1930 zuwa 1977, za mu kuma leƙa Uganda kaɗan. Mutanen Tanzaniya suna ce masa muziki wa dansi. In gidan rediyo ya sa shi yanzu, sai su ce zilipendwa, wato waɗanda aka so a da. Sunaye za su yi yawa, kada ku wahalar da kanku wajen haddace su. Tambayoyi biyu kawai nake so ku riƙe: wa ya mallaki kayan kiɗan, kuma a ina ake ɗaukar faifan? Amsarsu ce ta sa kiɗan Nairobi ya fito da jita biyu da kwalba, na Darussalam kuma ya fito da mutum goma sha biyar da ƙahonni, alhali harshe ɗaya suke waƙa da shi, faifai ɗaya suka saurara suna yara.

Mu fara da badujala. Tun ƙarshen ƙarni na 19, samarin garuruwan bakin teku irin su Lamu da Mombasa da Tanga suka ga faretin sojan Turawa, suka mai da shi wasa, suka kira shi beni. Suna sa kaki, suna jerin gwano da ganguna da begila, suna naɗa wa junansu muƙamai, wannan sarki, wancan janar, wancan kyaftin. Abin lura shi ne beni ba ya zuwa shi kaɗai. In akwai Kingi a gari, to akwai Scotchi. In akwai Marini, akwai Arinoti. Ƙungiya biyu, kowace da unguwarta da magoya bayanta da waƙoƙin habaicinta. Wannan ɗabi'a ta kishiyoyi biyu ba ta mutu ba, za mu sake karo da ita a 1978. Daga beni aka gaji busa ƙaho, aka gaji tsarin ƙungiya mai shugaba da ma'aji da kuɗin wata.

Abu na biyu garmaho. Hanyar ta buɗe ne da Siti binti Saad ta Zanzibar, mawaƙiyar taarab, kiɗan baitoci na Swahilawan bakin teku, wadda kamfanin HMV ya kai Bombay a 1928 ta yi faifai da Swahili. Faifanta ya nuna wa kamfanoni cewa akwai kasuwa. To a 1933 wannan kamfani ya fara fitar da wani jerin faya-fayai masu lamba GV, waɗanda ya tanada don kasuwar Afirka. Yawancinsu kiɗan Kyuba ne, na farkonsu shi ne El Manisero, waƙar mai tallar gyaɗa. A jikin takardar faifan akan rubuta rumba, ko da yake a Kyuba ainihin sunan kiɗan shi ne "son". Sunan da ke kan takarda shi ya bi shi, har yau rumba ake cewa daga Kinshasa zuwa Mombasa.

Me ya sa kiɗan Kyuba ya kama, bai zama baƙo ba? Ku ba ni hannuwanku. Ku ƙirga ɗaya zuwa goma sha shida da sauri, a kai a kai. Ku tafa a kan 1, da 4, da 7, ku ɗan dakata, sannan 11 da 13. Uku a gaba, biyu a baya.

(An tafa.)

Madalla. Waɗancan na baya sun yi gaggawa a kan 11, kuma nan kowa ke faɗuwa, don kunne yana so ya sa bugun a kan 9. Wannan bugu biyar shi ne ƙashin bayan kiɗan, ana yin sa da sanduna biyu. Bayin da aka kwashe daga yammacin Afirka da yankin Kwango su suka kai irin wannan lissafi Kyuba, saboda haka da ya dawo a faifai, kunnuwan mutane suka gane ɗan gida ne ya dawo da rigar Sifaniya. Ga kuma wata fa'ida: kiɗan zamani ne, amma ba na Baturen mulki ba.

Yanzu ku dubi shi kansa faifan, don shi ya yanka wa waƙa tsawonta. Faɗinsa inci goma, yana juyawa sau 78 a minti, kowane gefe yana ɗaukar kamar minti uku. Da wani irin ƙaro ake yin sa, wanda ake samu daga wani ƙwaro a Indiya. In ya faɗi ya fashe, in ya sha rana ya lanƙwashe. Allurar ƙarfe ce, ana sayar da ita a ɗan gwangwani, ƙa'ida kuma a canza ta bayan kowane gefe. Ba a canzawa. Allurar da ta dakushe takan zama kamar kurfi, ta riƙa cin ramin faifan, shi ya sa faifan da aka fi so shi ne ya fi lalacewa, wanda ba a damu da shi ba shi ya iso mana garau. Garmahon kuma da hannu ake wana shi, in ƙarfin wanin ya fara ƙarewa sai murya ta yi ƙasa, kiɗa ya ja jiki. Makaɗin da ke koyo daga faifai yakan saita jitarsa da abin da ya ji, ko da injin yana gudu fiye da ƙima.

To mu shiga Tanganyika. In kun zana layin dogon da Jamusawa suka kammala a 1914, daga Darussalam ya bi Morogoro da Dodoma da Tabora zuwa Kigoma, kuka ƙara da tashar jiragen ruwa ta Tanga mai gonakin sisal, tsiron da ake igiya da shi, to kun zana taswirar kiɗan dansi. Inda akwai albashi, nan akwai gidan rawa. Ƙungiyar Dar es Salaam Jazz Band ana kai kafuwarta 1932. Kalmar jazz a nan ba ta nufin jazz ɗin Amurka, suna ne kawai na ƙungiyar zamani. Kayan farko su ne goge irin na Turawa, da banjo, da mandolin, da akodiyon, da ganguna. Jita da ƙaho da saksafon suka mamaye daga baya.

Waɗannan ƙungiyoyi kulob ne, ba kamfani ba. 'Yan gari ɗaya da ke zaune a birni sukan haɗa kuɗi su sayi kaya. Western Jazz ta mutanen yammacin ƙasar ce, Kilwa Jazz ta mutanen Kilwa. Makaɗin da rana tela ne, ko direba, ko akawu, da dare ya ɗauki jitar kulob. Kuɗin ƙofa yana shiga asusu, a gyara kaya, a taimaki ɗan ƙungiya in an yi masa rasuwa. A Tanga akwai Atomic Jazz da Jamhuri Jazz, a Tabora akwai Kiko Kids ta Salim Zahoro da Tabora Jazz, a Morogoro akwai Morogoro Jazz da Cuban Marimba.

Cuban Marimba ta Salum Abdallah ce. Ya fara da wata ƙungiya La Paloma a 1948, a farkon shekarun 1950 ta koma Cuban Marimba. Ku dubi sunan: rabi Kyuba, rabi marimba, kayan kiɗan gida. A ganina shi ne mutumin da ya fi kowa mayar da rumba ta zama ta Swahili, don ya sa mata baiti mai ma'ana irin na mutanen bakin teku, mai karin magana da gugar zana, inda ake yi wa Baturen mulki habaici a cikin waƙar da kamar ta soyayya ce. Ya rasu a haɗarin mota a 1965, bai kai shekara arba'in ba. A gari ɗaya Mbaraka Mwinshehe ya tashi a Morogoro Jazz, ga waƙa ga jita, ya kafa Super Volcano a 1973, shi ma haɗarin mota ya ɗauke shi kusa da Mombasa a Janairun 1979. Wannan ba abin mamaki ba ne ga mai sana'ar da abincinsa ke kan hanya, a gama wasa da asuba a loda kaya a kama wani gari.

Mu bar su nan, mu haura Kenya, inda labarin ya bi ta barikin soja. A yaƙin duniya na biyu, rundunar King's African Rifles tana da sashen nishaɗantar da mayaƙa. A nan ne tarihinsu ya gogi namu: dakarun Najeriya sun yi yaƙi a Somaliya da Habasha a 1941, sannan runduna ta 81 da ta 82 na Afirka ta Yamma, masu ɗimbin Hausawa, sun yi yaƙin Bama a lokacin da runduna ta 11 ta Gabashin Afirka take can. Yadda Hausa ta zama harshen bariki a wajenmu, haka Swahili ya zama a wajensu. Cikin masu kiɗa wa sojojin akwai Fundi Konde, ɗan ƙabilar Giriama daga bakin teku, haifaffen 1924. Ya zaga Silon, Sri Lanka ta yau, da Indiya da Bama, ya dawo da ƙwarewa, yana cikin na farkon da suka kaɗa jitar lantarki a yankin. Wani hafsa Bature, Peter Colmore, shi ya ci gaba da tattara irin waɗannan tsofaffin sojoji bayan yaƙi, yana haɗa su da rediyo da kamfanonin talla.

Nairobi ta samu abin da Darussalam ba ta samu ba: situdiyo, da tambarin faifai irin su Jambo, sannan a shekarun 1950 aka fara buga faifan a garin, maimakon a aika Ingila ko Indiya a jira jirgin ruwa. 'Yan kasuwa Indiyawa suka buɗe ƙananan tambura, AGS da CMS a Nairobi, Mzuri a Mombasa, unguwar River Road ta zama kasuwar abin. Mai shago ba ya son mutum goma sha biyar. Yana son mutum biyu ko uku da za su zo da safe, su yi waƙa biyu, a biya su a hannu, su tafi. Ladan da aka ba ka ranar, shi ke nan. Faifai ya sayu dubu ko ya kwanta, ba ruwanka.

Ga yadda ɗaukar take. Makirufo ɗaya ne. Ba a daidaita sauti da maɓalli, da ƙafa ake daidaita shi: mawaƙi a matso da shi, mai jita a ɗan ja baya, mai ganga ko ƙaho a kai shi can kusurwa. Kafin zuwan tef, kai tsaye ake yanka sautin a kan faranti, in wani ya yi tari a minti na biyu, farantin ya tashi aiki. Mai ɗauka yakan ɗaga hannu in lokaci ya kusa cika, shi ya sa za ku ji waƙoƙi da yawa na zamanin sun tsaya cak kamar an rufe ƙofa.

Cikin wannan hali salon busasshiyar jita, wato marar lantarki, ya yi kasuwa. Tushensa Katanga ne, yankin ma'adinai na kudancin Kwango. A 1952 Hugh Tracey ya ɗauki wani saurayi, Jean Bosco Mwenda, a garin Jadotville, Likasi ta yanzu, yana kaɗa Masanga. Mutanen Katanga da Swahili suke waƙa, don haka Nairobi ta ji abin da yake faɗa. A ƙarshen shekarun 1950 shi da ɗan'uwansa Edouard Masengo suka zo Nairobi, ana sa su a tallace-tallacen rediyo, samari suka zauna suna kallon yatsunsu.

Yatsu biyu ne kawai a hannun dama. Babban yatsa yana kaɗa tsirkiyoyi masu kauri, yana riƙe da tafiyar kiɗan. Manuni yana tsinko karin waƙar a sirara. Dabarar ita ce kada su faɗi tare kullum, ɗaya ya shiga ramin da ɗaya ya bari, sai mai sauraro ya rantse jita biyu ce. Hannun hagu kamu uku yake yi, yana zagayawa a kansu. Akan ɗaure wuyan jitar da maƙalli a can sama don sauti ya yi zaƙi, in babu na kanti a sa fensir da roba. Inda mai koyo ke ɓata abin shi ne ya bar babban yatsa ya bi manuni. Da zarar sun haɗu, kiɗan ya mutu, ya koma rakiya kawai. A yammacin Kenya, George Mukabi na ƙabilar Luhya ya ɗauki wannan ya sa masa tsalle, aka kira salon omutibo. Gangarsa kwalbar Fanta ce, mai gurzi-gurzi a jiki, ana karta ta da ƙusa ko cokali. Murya biyu, ɗaya a kan ɗaya, suna tafiya kafaɗa da kafaɗa. Mukabi ya rasu a 1963 da ƙuruciyarsa.

A farkon shekarun 1960 Charles Worrod ya kafa Equator Sound, ya yi abin da masu shago ba su yi ba: ya ɗauki makaɗa a kan albashi, su zauna a situdiyo su raka duk wanda ya zo. Cikinsu akwai Fadhili William, da Daudi Kabaka, da wasu biyu daga Rodeshiya ta Arewa, Zambiya ta yau, Nashil Pichen da Peter Tsotsi. Daudi Kabaka, af, a Uganda aka haife shi a 1939, shekarar da Sarkin Buganda Daudi Chwa ya rasu, sunansa ya ci. Su suka haɗa rawar tuwis ta Amurka da tafiyar kwela ta Afirka ta Kudu, abin ya zama kiɗan shekarun samun 'yancin Kenya, wanda aka yi a Disamban 1963.

Waƙa biyu daga wannan gida sun isa misali kan haƙƙin mallaka. Malaika, wadda Fadhili William ya fara shahara da ita, Miriam Makeba ta kai ta duniya, har yau ana jayayya kan wanda ya tsara ta. Ana ambatar Fadhili, ana ambatar Adam Salim na Tanganyika, ana ambatar Grant Charo. Dalilin rikicin a fili yake: waƙa takan yi shekaru tana yawo a gidajen rawa kafin wani ya sa ta a faifai, doka kuwa takarda ta sani. Ta biyu Helule Helule ta Daudi Kabaka, wadda ƙungiyar Tremeloes ta Ingila ta sake yi a 1968 ta shiga jerin masu kasuwa a can.

Sai benga, wanda a ra'ayina shi ne abin da Kenya ta ƙirƙira da kanta, ba aro. Na Luo ne, mutanen bakin tafkin Victoria. Suna da nyatiti, mai tsirkiya takwas. Mai kaɗa ta yana zama ƙasa-ƙasa, da kacau-kacau ɗaure a ƙafa da zoben ƙarfe a babban yatsan ƙafa, yana buga shi a jikin itacen kayan. Mutum ɗaya ke nan yana ba da kari, da amo mai kauri, da bugu. Suna kuma da orutu, mai tsirkiya ɗaya, 'yar'uwar kukuma. Abin da su John Ogara da Ochieng Nelly suka fara, su George Ramogi da D.O. Misiani suka kammala, shi ne rarraba aikin mai nyatiti ga kayan lantarki. Jitar bes ta ɗauki tsalle-tsallen tsirkiyoyi masu kauri, ba ta zauna a ƙasa tana gadi ba. Babbar ganga tana faɗuwa a kowane taki, ita ce zoben ƙafa. Jitar gaba ba ta kaɗawa a kan murya, jira take mawaƙi ya ajiye baiti ta amsa masa, kamar 'yan amshi. Ƙaho babu. Mutum biyar sun isa, kuɗin mota kaɗan, ɗauka rana ɗaya. Misiani, wanda aka haifa a Shirati ta Tanganyika a 1940, ya sha shiga hannun hukuma saboda waƙoƙin da yake sakaya shugabanni a cikin sunayen dabbobi. Kikuyu da Kamba suka ɗauki benga suka yi da harsunansu. Faifan ya yi tafiya har kudu: a Zimbabuwe akwai kiɗan da ake kira kanindo, sunan mai buga faifai Oluoch Kanindo ne da suka gani a jikin takarda, akwai kuma sungura, wato zomo da Swahili, shi ma sunan tambari ne.

Mu koma Tanzaniya, don a can amsar tambayarmu ta farko ta canza gaba ɗaya. Tanganyika ta samu 'yanci a Disamban 1961, ta haɗe da Zanzibar a 1964 suka zama Tanzaniya, aka yi shelar Arusha a 1967, ƙasa ta kama hanyar gurguzu irin na Shugaba Julius Nyerere. Kayan lantarki sun fi ƙarfin kulob ɗin tela da direba. Sai ƙungiyoyin gwamnati suka zama iyayen gida. Ƙungiyar ƙwadago ta kafa NUTA Jazz a 1964. Matasan jam'iyya suka samu Vijana Jazz, masaƙar Urafiki ta samu tata, 'yan sanda da soja da masu bautar ƙasa kowa da tasa. Makaɗi ya zama ma'aikaci mai albashin wata, wani wurin har da gida da magani. Ribar ita ce lokaci: ana atisaye kullum da rana, ana wasa dare huɗu ko biyar a mako, ana iya riƙe masu ƙaho huɗu da mawaƙa huɗu. Ingancin haɗin ƙahonnin Darussalam daga nan ya fito. Hasarar kuwa, zanen aro ba ya rufe katara. Ranar da ka saɓa da ubangida, jitar za ka ajiye ka fita hannu rabbana. Shi ya sa tarihin waɗannan ƙungiyoyi cike yake da ƙaura, mai sabbin kaya ya zo ya kwashe mawaƙan wani a dare ɗaya. Haka aka yi a 1978, lokacin da Muhiddin Maalim Gurumo na NUTA Jazz da wasu suka taru a sabuwar ƙungiya, Mlimani Park, tare da Michael Enoch, tsohon gwanin Dar es Salaam Jazz Band. Gari ya rabu biyu, masu Msondo, wato magoya bayan NUTA, da masu Sikinde, na Mlimani Park, kamar yadda ya rabu tsakanin Simba da Yanga a ƙwallo. Marini da Arinoti ke nan sun dawo.

Msondo da Sikinde su ne abin da ake kira mtindo. Kowace ƙungiya tana da nata: suna ne, taken kirari ne, salon taka rawa ne, sau da yawa an ɗauko shi daga wani kiɗan gargajiya. Western Jazz na da Saboso, Tabora Jazz na da Segere Matata. Mawaƙi yakan kira sunan a tsakiyar waƙa, don mai sauraron rediyo ya san su wa ke kiɗa.

Ginin waƙar dansi kashi biyu ne. Na farko a hankali, a nan ake zuba baiti, ƙahonni suna amsawa, masu rawa suna riƙe da juna. Sai ganga ta ba da alama a shiga chemko, ma'anarsa tafasa. Jita uku ke aiki ban da bes: ta gaba tana yawo a sama, ta rakiya tana saƙa a ƙasa, ta tsakiya tana cike gibin da ke tsakaninsu. In ta tsakiya ta hau layin ta gaba, sai sauti ya cakuɗe, musamman da yake sau da yawa jita biyu da makirufo a amfilifaya ɗaya ake cusa su. Faifan roba mai juyi 45 da ya maye gurbin na ƙaro ya dace da wannan gini kamar an auna: gefe na ɗaya baiti, a juya, gefe na biyu chemko.

Ina ake ɗauka? Gidan Rediyon Tanzaniya, kusan shi kaɗai. Ƙungiya takan kai baitocinta a duba tukuna, a cire abin da aka ga bai dace da tarbiyya ko siyasa ba, shi ya sa waƙoƙin noma da yaƙi da jahilci suka yi yawa. Sannan a shiga ɗaki ɗaya, kowa da kowa, a ɗauka kai tsaye a tef mai layi biyu. Kuɗin da ake biya kaɗan ne, ainihin ladan shi ne a sa ka a rediyo mutane su cika zauren ranar Asabar. Wanda ke son faifai sai ya hau mota zuwa Nairobi. Wasu da suka je ba su dawo ba: Wilson da George Kinyonga sun bar Jamhuri Jazz ta Tanga, suka kafa Simba Wanyika a Kenya a farkon shekarun 1970. A 1977 ƙungiyar tarayyar Gabashin Afirka ta rushe, aka rufe iyakar Kenya da Tanzaniya har 1983. Mai situdiyo yana wannan gefe, mai ƙahonni yana wancan, ga ƙarancin kuɗin waje ya sa tsirkiyar jita ma ta zama abin nema. A nan zan dakata, shugaba ya nuna mini agogo.

Tambaya: Allah ya gafarta Malam, wasu na cewa duk wannan kwaikwayon Kwango ne kawai. Yaya gaskiyar abin?

Amsa: Tasirin Kwango gaskiya ne, babba kuwa. African Jazz ta Joseph Kabasele da OK Jazz ta Franco, wadda aka kafa a 1956, ana kama su a rediyo, ana sayen faifansu, tsarin jita uku daga wajensu ya zo. Rikicin Kwango bayan 1960 ya koro makaɗa gabas, daga baya su Baba Gaston da Maquis da Super Mazembe da Remmy Ongala suka zauna a Darussalam da Nairobi. Amma ka gwada wannan: sa faifan Kinshasa da na Tabora a jere. Na Kinshasa yana gaggawar kaiwa wurin jita, na Tabora yana daɗewa a baiti, don mai sauraronsa ya taso da taarab, yana son ya ji magana. Ƙahonnin Tanzaniya sun fi kauri, gadon beni ne. Benga kuwa ko bugu biyar ɗin da muka tafa ba ya bi.

Tambaya: Malam, ban ji sunan mace ba bayan Siti, kuma Uganda ka ce za ka leƙa.

Amsa: Kin kama ni, Malama. A ƙungiyoyin dansi na Tanganyika mata sun yi ƙaranci, don ana ganin gidan rawa ba wurin 'yar mutunci ba ne. Fagensu taarab ne da ƙungiyoyin kiɗan mata, kuma ta waɗannan ƙungiyoyi Bibi Titi Mohamed, wadda ita ma zabiya ce, ta tara wa TANU, jam'iyyar neman 'yancin Tanganyika, mata a shekarun 1950. Kampala ta fi sakin mara: Frida Sonko ta yi faifai a Equator Sound, zamanin su Elly Wamala da Fred Masagazi. 'Yan Uganda ma Nairobi suke zuwa ɗauka, jirgin ƙasa ke kai su. Mulkin Idi Amin daga 1971 ya sa fitar dare ta zama kasada, makaɗa da yawa suka tsallaka Kenya.

Tambaya: Ranka ya daɗe, waɗannan tef-tef na gidan rediyo suna nan?

Amsa: Da yawa suna nan a Darussalam, kuma an yi ƙoƙarin kwafe su zuwa kwamfuta. Matsalar ita ce garin bakin teku ne, ga zafi ga laima. Wani tef ɗin yakan yi warin tsami ya ƙanƙance ya karye, wannan ba ya gyaruwa, sai dai a kwafe shi da wuri. Wani kuma ƙaron da ke riƙe da garin maganaɗisun ne ke shan laima ya yi danƙo, in ka ɗora shi a inji haka nan, sai sautin ya kankare ya manne a kan injin, ka goge waƙar da hannunka. Irin wannan gasa shi ake yi a tanda ta musamman, zafi kamar digiri 50 zuwa 55, na sa'o'i da yawa, a bar shi ya huce, sannan a kwafe shi cikin 'yan kwanaki kafin laimar ta koma. Kuma dole a duba gudun da aka ɗauke shi, inci bakwai da rabi a daƙiƙa ko goma sha biyar, in ba haka ba Gurumo zai fito da muryar yaro.